Rangwamen Haraji A Kan Kayan Makaranta: Wa Ke Cin Moriyarsa?

Kwanakin baya bayan la'asar wani matashi ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce: "Malam, ka ji a Amurka jihohi na yafe wa iyaye haraji a kan kayan makaranta? Mu me ya hana?" Na ce ya ba ni lokaci in duba. To na duba, kuma abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ɗauki jihar Teksas. Tun 1999, duk watan Agusta sukan ware kwana uku, Juma'a zuwa Lahadi, a sayi tufafi da takalma ba haraji, daga baya aka ƙara da jaka da kayan rubutu, muddin kowane kaya bai kai dala 100 ba. Harajin nan iyakarsa kashi 8.25 cikin ɗari. Wato wanda ya kashe dala 100, dala 8 da 'yan canji ya tsira da su. Sannan sai wanda ke da kuɗi a hannu cikin kwana ukun nan. Mai hali ya cika mota, har da kayan da ba na yara ba. Lebura kuwa, wanda kuɗinsa sai ƙarshen wata, ya zo an tashi. Ni ɗan kasuwa ne, in faɗi gaskiya ko a kaina: ranar da masu saye suka yi cincirindo, ba ranar ragi ba ce. Abin da gwamnati ta yafe, mai shago na iya ɗora shi a kan farashi ba wanda ya sani.

Tsarin Minesota ya fi kusa da adalci. Can mai ƙaramin ƙarfi ana mayar masa da kashi 75 cikin ɗari na abin da ya kashe, zuwa wani iyaka, ko da ba a bin sa harajin komai. Amma fa sai ya fara biya daga aljihunsa, ya adana rasit, ya cike takardun haraji, ya jira wata da watanni. Wanda ya rasa kuɗin littafi a watan Satumba, da me zai yi jiran?

Mu nan gida, dokar VAT ta daɗe da cire littattafai da kayan karatu daga haraji. Wa ya ji sauƙin a jikinsa? Takarda daga waje take zuwa da dala, ga kuɗin mota daga Legas, kullum dozin na littafin rubutu hawa yake. Rasit kuma, tsakani da Allah, mu nawa ne ke bayarwa a kasuwa?

Da za a tambaye ni, a sayi littafin da fensir a kai makaranta, a miƙa wa yaro hannu da hannu, a sa Islamiyyu a lissafi. Haka na gaya wa matashin nan. Ya ce ai wannan ma sai an samu mai rabo na ƙwarai. Ban musa masa ba.