Gwanin da ke auna gudun titi

Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Jebba da Kontagora sai ta ratsa Yelwa kafin ta kai Koko da Jega da Sakkwato. Tirelolin shanu da albasa na gangarawa kudu a kanta, tankokin mai na haurowa arewa, kuma kowane direba ya yi awoyi a daji ƙafarsa na kan totur. Kwatsam sai ga gari: ɗan kabu-kabu ya ɗauko mace da buhun shinkafa, amalanke na neman tsallakawa, yara sun taso daga makarantar allo, mai tallan soyayyen kifi ta nufo motar fasinja da faranti a ka. Dole wani ya yanke gudun da ya dace da wannan 'yar tazara. Wanda ya iya yankewa daidai gwani ne, ko da ba a san sunansa ba.

A takarda dai an gama magana. Ƙa'idojin hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke aiki da su, wadda aka kafa a 1988, sun ba ƙaramar mota kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanya. Tirela da tanka kuwa 45 ne nasu cikin gari. Amma lamba ɗaya ba za ta wadatar da ƙofar asibiti da bakin kasuwa da lungun unguwa ba, kuma hanyoyin ma ba na mutum ɗaya ba ne. Waccan babbar hanya ta Gwamnatin Tarayya ce, wasu na jihar Kebbi ne. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi irin su Yauri da Ngaski da Shanga kula da titunan cikin gari da kasuwanni da tashoshin mota, har da lasisin kekuna da kwale-kwale. Saboda haka injiniyan sashen ayyuka na ƙaramar hukuma yana da hannu a kan titin unguwa, amma a kan hanyar Tarayya sai dai ya rubuta, ya bi sawu, ya gamsar da na sama.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar shi ne yadda take farawa da tsayuwa a gefen titi. Ba lallai sai da na'ura mai tsada ba. Gwani zai auna mita 100, ya sa alama a farko da ƙarshe, ya riƙe agogon wayarsa. Motar da ta cinye tazarar a daƙiƙa 12, tana kan 30. Wadda ta cinye a daƙiƙa 7 da ɗoriya, tana kan 50. Idan daƙiƙa 4 da rabi ce, 80 ke nan, a tsakiyar mutane. Zai rubuta motoci da yawa, da safe da yamma, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, domin titin garin Wara ranar da jirage suka sauke mutanen tsallaken ruwa ba shi ne titin washegari ba.

Injiniyoyin Amurka sun daɗe suna bin wata dabara: a jera gudun motoci ɗari, a ɗauki gudun da 85 daga cikinsu ba su wuce ba, a kafa iyaka kusa da shi. Hujjarsu ita ce yawancin direbobi masu hankali ne, dokar da ta saɓa wa hankalinsu kuwa ba za a bi ta ba. Da gaskiyarsu ta wani fanni. Sai dai wannan lissafi direba kawai yake tambaya, ba ya tambayar yarinyar da aka aika sayen manja. Shi ya sa duniya ta fara juyawa. A taron Sitokhom na Fabrairun 2020 ƙasashe suka yi kira da a tsayar da 30 duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Sifen ta mai da shi doka a ƙananan titunan biranenta a 2021, Faris ma ta bi a shekarar.

Dalilin yana cikin birki. A kan 80, kafin ƙafar direba ta bar totur ta taka birki, daƙiƙa ɗaya tak, motar ta ci mita 22. A kan 30, mita 8 ne. Sannan idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata ninki huɗu take yi. Ƙara da lodin da ya wuce kima, da taya da ta suɗe, da yashin da ruwan sama ya kwaso ya zuba a kwana. Gwani na riƙe da duk wannan a ka, kamar yadda matuƙin jirgi a tafkin Kainji ke riƙe da wuraren kututturan da ruwa ya rufe tun da aka kammala madatsar a 1968, ya san inda zai sassauta inji ko da saman ruwan lumui yake.

Kafa allo mai lamba shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi rauni. Direba da idonsa yake karanta titi: in ya ga faɗi da miƙewa, ƙafarsa za ta yi nauyi. Don haka gwani titin yake sa wa linzami. A nan ne ake gane bambancin tudun rage gudu na ƙwararre da na ɓacin rai. Mun san na biyun: mota ta kaɗe yaro, matasa suka fito da dare da siminti da duwatsu suka gina tudu mai kaifi. Ba wanda zai zarge su da zafin zuciya. Amma irin wannan tudu na kayar da ɗan kabu-kabu da matar da ya ɗauko zuwa haihuwa, yana karya ƙasan mota, ga shi ba fenti ba alama. Wanda masu bincike a Ingila suka gwada a shekarun 1970 tsawonsa ya kusa mita 4, tashinsa bai wuce santimita 10 ba. Mai tafiya a hankali zai haye shi salun-alun, mai gudu ne kaɗai zai ji a jikinsa. Ana shafa masa fenti, a kafa gargaɗi tun daga nesa, a bar wa ruwa hanya ta gefe, kuma ba a ɗora shi a kan kwana ko bayan gangara inda tirela ba za ta hango shi da wuri ba.

Sauran aikin na baki ne. Sai a zauna da hakimi da mai unguwa, da shugabannin yuniyon na tasha, da sarkin kasuwa, domin wani lokaci maganin ba tudu ba ne, matsar da wurin lodi ne daga bakin kwalta, ko mayar da ƙofar makaranta ta fuskanci lungu. Bayan damina kuma gwanin ya komo da agogonsa wurin alamomin nan biyu. In motoci sun koma cinye mita 100 a daƙiƙa 5, ko 'yan kabu-kabu sun buɗe sabuwar hanya ta ƙofar gidajen mutane don kauce wa tudun, sai ya sake lissafi.