Ɗinkin Rigar Kakanni, Aikin Da Kasuwa Ba Ta Iya Biya

Duk lokacin da makarantun Jos suka sa ranar al'ada, telolin Kabong ba sa samun barci. Daga Gada Biyu har cikin titin Rukuba, iyaye ke shigowa da yadi a leda suna cewa, "Oga, a taimaka a yi wa yaron nan kayan gargajiya, jibi za a sa." Tela ya yanka shadda mai araha, ya zuba mata aikin inji a ƙirji, a haɗa da hular haya, shi ke nan. Ba mai tambayar gargajiyar wane gari ake nufi, ta wane zamani, ta wane irin mutum. Alhali rigar malamin Zazzau ta wajen 1850 daban take da ta madugun Kano, kuma dukansu ba su yi kama da taguwar leburan da ya hawo dutsen nan haƙar kuza a 1920 ba.

A Ingila da Amurka akwai masu ɗaukar wannan tambaya da gaske, ba don neman abinci ba, don sha'awa kawai. Mace ta tashi daga ofis, ta shafe watanni tana ɗinka rigar ƙarni na 18 da hannu. Abin da ya ba aikinsu ƙashi shi ne wahalar wata Baturiya, Janet Arnold, wadda ta bi gidajen tarihi tana auna tsofaffin tufafi gaɓa-gaɓa, ta fara fitar da littattafan yankansu a 1964. Mu ma muna da masu irin wannan sha'awa, sai dai a warwatse suke: dattijon da ya yi ritaya ya koma wa allurar da ya koya a makarantar allo, ɗalibar wasan kwaikwayo da ta ƙi yarda da kayan haya. Ina ganin a hannun irinsu ne kaɗai sanin tsohuwar riga zai iya tsira, kuma ga dalilina.

Sai mutum ya shimfiɗa tsohuwar babbar riga a tabarma ya juya bayanta sannan yake gane yawan hannuwan da suka taɓa ta. Ba daga faffaɗan yadi aka yanko ta ba. Siraran saƙa ne, wasu ba su wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba, aka jera aka haɗa ɗaya bayan ɗaya har riga ta kai daga wannan wuyan hannu zuwa wancan. Mata suka kaɗa zaren, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mai zayyana ya zana aikin da alƙalami, maɗinki ya bi zanen da allura, sannan aka kai mabuga aka buga har ta yi sheƙi. A gefen hagu, kan babban aljihun, nan asake ke saukowa, biyu ko takwas. A dama ga tambari ya naɗe, yana da ɗan'uwa a baya. Ga gidan biyar, ga dagi, ga dubban ƙananan idanu da aka huda aka ɗaure bakin kowanne da zare. Can ƙasa ta ciki kuma an yi mata shafi, sau da yawa da jan alharini, wanda ba ya bayyana sai mai rigar ya naɗe hannunta ya ɗora a kafaɗa. Wanda ya ɗinka riga daga hoto kawai ba zai san da shafin nan ba, kuma shi ne ke ba gindin rigar nauyi ta zauna daram a jiki.

Kayan aikin ma kowanne da tarihinsa. Zaren tsamiya daga gidan wata tsutsa ake samunsa a daji, a dafa da toka, a kaɗa, launinsa ƙasa-ƙasa. Jan alharini kuwa ragowar siliki ne da a da ayarin raƙuma ke ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus. Saƙi, mai ɗigo-ɗigo irin na jikin zabo, ya burge Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851, kuma shi ne ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara da aƙalla wuri miliyan 300. Wato rigar da muke kira ta gargajiya kayan babban ciniki ce, ta haɗa Nupe da Ilori da Kura da bakin Bahar Rum.

To me ya sa ba za a bar wa telan kasuwa wannan aiki ba? Domin shi da lokaci yake ciniki. Aska takwas ta hannu takan ci watanni, shi kuwa ga Kirsimeti ga Sallah, ga kuɗin shago, ga man janareto. Ba laifinsa ba ne in ya zaɓi inji. Ko a Zariya, inda ɗinkin hannu bai mutu ba, inda mata suka shiga sana'ar da a da ta maza ce, har wasu suka kafa ƙungiyar maɗinka mai sunan Sarauniya Amina a 1994, mai saye ne ke faɗin abin da za a yi. Yau yana son shaddar Getzner, yana son aiki mai cika ido daga nesa. Ƙirjin rigar ya rayu, amma haɗin siraran saƙa, da yadda ake ƙara kusurwoyi a buɗa gindin riga, da shafi, duk suna tafiya, don ba mai biyan kuɗinsu. Mai sha'awa kaɗai ke da damar ya ɓata wata guda a kan abin da ba za a gani ba.

A ganina, babu garin da ya fi Jos dacewa da wannan aiki. Nan Bernard Fagg ya buɗe gidan tarihi a 1952. A gefensa kuma aka sake gina ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, bayan Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya bi gine-ginen ya auna su. Garin da ya yarda cewa ana adana gini ta hanyar sake gina shi bai kamata ya yi mamakin a ce haka ake adana riga ba. Ga hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a nan, ga makarantar koyon fim, ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos. Lokacin da Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976, masu ɗinkin da suka gaji aikin daga iyaye suna da yawa. Mai shirya fim ɗin tarihi a yau sai ya yi da gaske kafin ya sami wanda zai hana shi sa wa sarkin ƙarni na 16 rigar da aka yi wa aiki da injin kwamfuta.

Wani zai ce Kabong ai ba garin Hausawa ba ne. Gaskiya ne, unguwa ce ta ƙabilu da yawa waɗanda Hausa ta zame musu harshen kasuwa da na coci. Wannan ma ƙarin aiki ne ga mai allura. Berom da Afizere da Anaguta suna da nasu adon na fata da saƙar zare da duwatsun wuya, kuma abin da ake sawa a bikin Nzem Berom ya cancanci a tantance na wane zamani ne. Rigar da matan mishan suka koya wa kakannin mutanen unguwar ɗinkawa, da kakin ma'aikacin kamfanin kuza, su ma tufafin tarihi ne, suna nan cikin tsofaffin hotunan da ke rataye a falo.

Matsala ta gaske ita ce kaya. Zaren tsamiya ya yi wuya, masaƙan siririn saƙa sun ragu ƙwarai, shuni na ainihi sai an je irin su Ƙofar Mata a Kano. Ban ga aibu ba in mutum ya musanya, ya yanka farin yadi siri-siri ya haɗa don hannunsa ya koyi haɗin. Sharaɗi ɗaya ne: ya faɗi abin da ya musanya, kada gobe a ɗauki aikinsa a matsayin shaida. David Heathcote ya shafe shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello yana tattara zanen maɗinkan Hausa a shekarun 1970, saboda haka mai farawa ba daga duhu zai fara ba.

Mai karatu, in akwai tsohuwar riga a adakar gidanku, kada a bari a yayyanka ta ko a ba 'yan gwangwan. A fito da ita, a juya bayanta, a ƙirga siraran saƙar, a auna, a ɗauki hoton ciki da waje, sannan a zauna da tsohuwar da ta san wanda ya sa ta da ranar da ya sa ta, a rubuta tun tana da rai.