Fim ɗin Ar-Risala: Tsakanin Sira da Gadon Larabawa

A shekarar 1976 Mustafa Akkad, haifaffen ƙasar Siriya, ya fitar da fim ɗin Ar-Risala cikin harsuna biyu, Larabci da Ingilishi. Matashin da ya kalle shi a waya a ƙauyukan Gezawa kan ɗauke shi tamkar littafin sira.

Fim ɗin ya cancanci yabo, domin bai nuna surar Manzon Allah (SAW) ba, haka nan halifofinsa huɗu. Sai dai wannan ladabi ya zo da illa. Da yake labari ba ya tsayuwa sai da jarumi, Sayyidina Hamza (RA) ya zama ginshiƙi, har Badar da Uhudu suka fi zama a zuciyar mai kallo fiye da shekaru 13 na tarbiyya a Makka. Bugu da ƙari, a Maroko da Libiya aka ɗauki fim ɗin, kiɗansa kuwa Bafaranshe Maurice Jarre ne ya tsara shi.

Don haka, abin da ake gani fahimtar Balaraben ƙarni na 20 ce game da gadonsa. Wajibi ne malamin Islamiyya ya bambance wa ɗalibi wannan da riwayar Ibn Hisham.