Jinjina ga Masu Shirin Masters of the Air

A shekarar 1940 Gale Cleven da John Egan suka haɗu a makarantar koyon tuƙin jirgin yaƙi da ke Texas, suka zama aminai. Wannan amincin ne ƙashin bayan shirin Masters of the Air mai kashi 9, wanda Apple TV+ ya fara nunawa a Janairun 2024.

Masu shirin, Steven Spielberg da Tom Hanks da abokan aikinsu, sun cancanci yabo, domin ba su yi wa Yaƙin Duniya na Biyu kwalliya ba. Mai kallo yana ganin samari goma cikin jirgin B-17, sanyi na daskarar musu da yatsu, harsasai na huda ƙarfe. Ranar 8 ga Oktoban 1943 aka harbo jirgin Cleven a harin Bremen. Egan, zuciya na tafasa, ya katse hutunsa a Landan ya shiga harin Munster bayan kwana biyu, shi ma aka kaɓo shi. A sansanin fursunonin yaƙi na Stalag Luft III suka sake haɗuwa.

Austin Butler da Callum Turner sun riƙe rawar Cleven da Egan da kyau, ɗaya shiru-shiru, ɗaya kuwa ba ya zama wuri ɗaya.