Matsayin Waƙoƙin Aminu Ladan Abubakar (Ala) Tsakanin Waƙar Baka da Rubutacciya



Tun da aka fara nazarin adabin Hausa a jami'o'inmu aka raba waƙa gida biyu. Akwai waƙar baka, wadda makaɗi ke shiryawa da ka, ya rera da kiɗa da 'yan amshi, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata. Akwai kuma rubutacciya, wadda malami ke tsarawa a takarda da baitoci da ƙafiya, a rera ta ba kiɗa, irin ta Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. Da wannan ma'auni muke koyarwa, da shi kuma muke duba takardun jarrabawa. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, ma'aunin nan ya kasa ɗaukar Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala ko Alan Waƙa, alhali kuwa shi da ire-irensa ne ɗalibanmu suka tashi suna saurare.

An haifi Ala a Kano a shekarar 1973. Da alƙalami ya fara fitowa, watau marubucin littattafan ƙagaggun labarai ne kafin a san shi da waƙa, kuma cikin littattafansa akwai Jirgi Ɗaya Ke Ɗauke Da Ni. Wannan asali shi ne mabuɗin fahimtar salonsa. Lokacin da ya shigo fagen ma abin lura ne. A shekarar 1999 Shata ya rasu, a cikinta Aƙilu Aliyu ya rasu, kuma a daidai wannan tsakani ne kiɗan fiyano na situdiyo ya kama ƙasa a Kano, musamman bayan fitar fim ɗin Sangaya. Na'urar Yamaha guda ɗaya ta ɗauke aikin mai kalangu da mai sarewa da mai ganga. Akasarin waƙoƙin da aka ɗora wa wannan kiɗa na soyayya ne, mace da namiji suna ba juna amsa, su ne ake kira nanaye.

Ala ya karɓi kiɗan, amma bai karɓi jigon ba. Idan aka saurari waƙarsa aka rubuta ta a takarda, abin da zai fito baitoci ne masu daidaiton ɗango da ƙafiya mai tafiya daga farko zuwa ƙarshe, da buɗewa da sunan Allah da salati, kamar dai yadda marubuta suka saba. Kalmomin Larabci da tsofaffin kalmomin Hausa da karin magana sun cika ta. Ta wannan fuska jikan Aƙilu ne. To amma waƙar ba ta isa ga jama'a sai da kiɗa da amshi, kuma mai sauraro bai taɓa ganin takardar ba. Ta wannan fuska kuwa ɗan gidan Shata ne. Idan ɗalibi ya ɗauki hanyar da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, zai sami turke da gindin waƙa, amma zai rasa ƙari da karɓeɓeniyar nan da ke faruwa nan take tsakanin jagora da 'yan amshi, domin a situdiyo ana ɗaukar kowace murya ne daban, a gyara, a haɗa. Idan kuma ya auna ta da aruli kawai, ya yar da rabin abin da kunne ya ji.

Akwai wata asara a nan da ya kamata a faɗa. Shata yakan rera waƙa guda sau goma, kowane rerawa da sababbin ɗiya, gwargwadon wanda ke zaune a wurin da abin da ya bayar. Waƙar situdiyo ba ta da wannan rai. Yadda aka ɗauke ta haka za ta tabbata. Kiɗan fiyanon ma, in gaskiya za a faɗa, ya fi waƙar rauni nesa ba kusa ba. Sau da yawa ana iya cire kiɗan wannan waƙa a ɗora wa waccan ba a ji bambanci ba, abin da ba ya yiwuwa ga kotson Narambaɗa ko kuntigin Ɗanmaraya. A ganina darajar Ala tana bakinsa da alƙalaminsa, kiɗan kuwa abin hawa ne kawai.

Ta fuskar jigo, waƙoƙinsa da suka fi ƙarfi su ne na halin ƙasa. Baubawan Burmi kuka ne a kan shugabannin da talaka ya zaɓa da hannunsa, kuma ƙarfinta shi ne ba ta wanke mai zaɓen daga laifi ba. Hasbunallahu kuwa addu'a ce a kan masu takura wa mawaƙa, ba ta ambaci sunan kowa ba. Duk da haka an haramta ta a Kano a shekarar 2009, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim yake shugabantar Hukumar Tace Finafinai, aka kuma kama Ala a watan Yulin shekarar. Ashe ke nan habaici da zambo, waɗanda makaɗan fada suka gada, sun sami sabuwar riga ta addu'a, kuma hukuma ta gane su a cikin rigar.

Sai dai mai wannan murya shi ne kuma ya yi wa sarakuna da gwamnoni da masu hali waƙoƙin yabo masu yawa, har aka naɗa shi Ɗan Amanar Bichi. Wasu manazarta suna ganin wannan tufka da warwara ce. Ni ina ganin sai an dubi inda abincin mawaƙi yake fitowa kafin a yanke hukunci. A Koriya ta Kudu, mawaƙi irin Park Jin-young ya kafa kamfaninsa a 1997, ya riƙa horar da matasa yana shirya musu kiɗa, kamfanin kuma yana rayuwa da cinikin waƙa. Ala ma ya kafa Taskar Ala, ya zama mai shirya aikinsa da kansa, amma kasuwar ba ɗaya ba ce. A kasuwar Sara, ko a tashar Birnin Kudu, yaro mai cajin waya zai tura wa mutum waƙoƙin Ala cike da memori a kan kuɗi kaɗan, ko sisi ba ya komawa ga mai waƙar. Inda jama'a ke saurare ba su biya, dole mawaƙi ya koma ƙofar ubangida, kamar yadda kakanninsa suka yi. Wannan bayani ne, ba uzuri ba, domin waƙoƙin yabon nasa sun fi saurin tsufa: jerin sunaye da kirari kan danne hikimar da ake samu a sauran.

Wasu suna kiran wannan rukuni waƙoƙin zamani. Sunan bai gamsar ba, don kuwa Shata ma ɗan zamani ne a lokacinsa. Shawarata ga sassan Hausa na kwalejoji ita ce a buɗe rukuni na uku, a kira shi rubutacciyar waƙa mai kiɗa, a kuma buƙaci ɗalibin da zai yi kundi a kanta ya kawo matani da sauti tare, ya faɗi situdiyon da aka ɗauke ta da sunan wanda ya buga fiyanon, domin shi ma yana da hannu a abin da ake nazari.