Baturen Da Ya Ba Da Labari Ɗaya Sau 99

Yau ba zancen takin zamani ko maganin zazzaɓi na kawo muku ba. Zancen wani marubuci ne na ƙasar Faransa. Kada ka ce ina ruwan manomin Karakara da shi. Ka dai bi ni a hankali, za ka gani.

Sunansa Remon Keno. An haife shi a garin Le Havre, bakin teku, a 1903, ya rasu a birnin Faris a 1976. Dubi yadda su ke rubuta sunan nasa da Faransanci: Queneau. Baƙaƙe 7 ke nan, amma in za a faɗa sai a ce Keno. Mu da baƙi 4 mun gama. To, wannan shi ne abin da ya dami mutumin. Ya ce Faransancin takarda daban, na baki daban, kamar ba harshe ɗaya ba. A 1959 ya fito da littafin wata yarinya mai bakin tsiya, sunanta Zazi, wadda ta zo Faris don ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta iske ma'aikatan jirgin suna yajin aiki. A ciki ya rubuta maganar mutanen titi yadda ta ke fita daga bakinsu. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, har aka yi silimansa a 1960.

Amma littafin da na ke so ka sani shi ne na 1947, wanda za mu iya kiransa Gwaje-gwajen Salo. Ga dukan labarin da ke ciki. Da tsakar rana wani mutum ya shiga kar a Faris, cike da mutane. Ya ga wani saurayi mai dogon wuya, da hula mai kitsattsiyar igiya. Saurayin ya kama faɗa da na kusa da shi, wai yana taka masa ƙafa. Da ya ga wurin zama ya samu, sai ya bar faɗan ya ruga ya zauna. Bayan awa 2 aka sake ganinsa gaban tashar jirgin ƙasa, abokinsa yana ba shi shawara kan wani maɓalli na rigarsa ta sanyi. Shi ke nan. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi aure.

Wannan ɗan labari, da ko yaro ba zai tsaya ya saurara ba, shi Keno ya maimaita sau 99, kamar ƙwayoyin tasbaha, kowane da irin tasa faɗa. Nan ya ba da shi kamar wasiƙar ofis. Can kamar mafarki. Gaba kamar ana yi wa mai shaida tambayoyi. Akwai na waƙa, akwai na bakin baƙauye, akwai na mai shakka wanda bai tabbatar da kome ba. Har akwai wanda ya cusa wasu baƙaƙe cikin kowace kalma, daidai yadda ƴan matanmu ke yin zaurance don kada manya su gane.

Da aka fara nuna mana littafin a makarantar horon malamai, na ɗauka aikin mai ƙoshi ne wanda ya rasa abin yi. Sai da na kama koyar da manya na ga amfaninsa.

Bayan girbin bara, shanu suka shiga gonar wani ɗan ajinmu, suka ci wake. Na ce kowa ya rubuta abin da ya faru cikin layi 5. Mai gonar ya rubuta an cinye masa gona ƙaf. Wani da ke da zumunci da mai shanun ya rubuta dabba biyu ce ta kuskure ta taɓa gefen gona. Na uku ya rubuta wa ɗansa da ke ci-rani a Kwatano, ya sa zancen a ƙarshen wasiƙa, bayan gaisuwa da kuɗin gero. Na huɗu ya tsara tasa kamar ƙara zuwa fadar sarki, da rana da wata da shaidu. Gona ɗaya, shanu ɗaya, takarda 4. Da aka karanta su, ajin ya yi tsit, sa'an nan aka kwashe da dariya.

To ka ji inda na nufa. Mu da mu ka koyi karatu da girma, muna da wata cuta. Duk abin da mu ka gani a takarda sai mu ce gaskiya ne, tun da rubutacce ne. Ba haka ba ne. Bayan kowace takarda akwai mutum, shi ya zaɓi abin da zai sa gaba, da abin da zai bari baya, da abin da zai yi shiru a kansa. Keno bai yi wa kowa wa'azi a kan haka ba. Ya dai juya maka labari ɗaya har ka gani da idonka. In wani ya miƙo maka takardar jinginar gona ko ta bashi ya ce sa hannu, tambayi kanka: wa ya rubuta, kuma da ni na rubuta, yaya zan faɗe ta?

Ba zan ɓoye maka laifin littafin ba. Cikin 99 ɗin nan akwai da dama da ba su da daɗi ko kaɗan. Ya kan birkita baƙaƙe har ba mai iya karantawa, sai ka ce kaza ta yi tono a kan allo. Waɗannan wasa ne na wanda ya ƙoshi da karatu. Haka wani littafinsa na 1961. Waƙoƙi 10 ne, kowace layi 14, aka yanka kowane layi daban don ka haɗa su yadda ka ga dama. Shi da kansa ya lissafa cewa mai son karance su duka sai ya yi wajen shekara miliyan 190. Ni dai wannan bai taɓa mini zuciya ba. Kuma zancensa na cewa Faransancin baki zai kori na takarda bai tabbata ba.

Mu ma muna da irin wannan matsala, ko da ya ke tamu ƙarama ce. A nan muna cewa munka tahi, littafi yana cewa muka tafi. Sau da yawa na ga ɗalibi ya riƙe alƙalami ya kasa farawa, don kunyar Hausar gidansu. Koyi ta littafi, don takardarka ta karantu daga Gaya har Kano. Amma in labarin kakarka za ka rubuta, bar ta ta yi magana da bakinta.

A 1960 Keno da abokinsa masanin lissafi, Faransuwa Le Liyone, suka kafa ƙungiyar marubuta mai suna Ulipo. Al'adarsu ita ce mutum ya ɗaura wa kansa dabaibayi, sa'an nan ya yi rubutu. Italo Kalbino na ƙasar Italiya ya shiga cikinsu. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Jorj Perek. A 1969 ya fito da littafi mai shafi wajen 300 ba tare da baƙin e ba ko sau ɗaya, alhali kuwa shi ne baƙin da ya fi yawa a Faransanci.

Mun gwada irinsa a aji da baƙin a. Aka daɗe ana fama, sa'an nan wata dattijuwa ta ce, "Malam, rubuta: Zo mu je mu ci tuwo." Aka yi mata tafi. Amma da na ce a sa ruwa ko gida, sai abin ya gagara. Ba ka iya rubuta uwa, ba ka iya rubuta uba. A Faransanci ma haka ne, in babu e babu kalmar uwa, babu ta uba. Perek kuwa maraya ne. An kashe ubansa a yaƙin duniya na biyu a 1940, uwarsa kuma, don ita Bayahudiya ce, aka kama ta a 1943 aka tura ta sansanin mutuwa na Jamus, ba ta dawo ba. Da na gaya musu haka, dattijuwar ta ce, "Ashe ba wasa ya ke yi ba."

Ga aikinka na wannan wata. Ɗauki wani abu da ya faru a kasuwa ko a bakin rijiya. Rubuta shi sau biyu, ɗaya zuwa ga ƙanenka, ɗaya zuwa ga mai gari. Ka ba malamin ajinku ya aiko mana, za mu buga waɗanda su ka fi kyau. Sai mun ji daga gare ku.