Gwauruwar Drury Lane

Kashegarin Kirsimeti, ranar 26 ga Disamba, sanyin Landan ya kai intaha, amma gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane ya cika maƙil da yara da iyayensu. Ana ɗaga labule sai ga wata 'yar tsohuwa ta shigo da ɗan gudunta, gajeriya, siririya, ta tufke gashi a tsakiyar ka, ta ɗaura gyauton aiki a kan wata koɗaɗɗiyar riga, girarta a ɗage kamar wadda aka faɗa wa labarin da ya fi ƙarfinta. Ta zo bakin dandali ta tsaya, ta dubi jama'a, ta fara ba su labarin mai gidan haya da ya sake zuwa da sassafe. Babu wanda bai san namiji ba ne, har ɗan shekara biyar da ke zaune a cinyar kakarsa. Amma kafin ta kai ƙarshen zancen haya, duk ɗakin ya koma bayanta.

Mutumin nan shi ne Dan Leno. Wannan Dan ɗin sunan Turawa ne, ba ɗan wani mai suna Leno ake nufi ba. Sunansa na yanka George Wild Galvin, kuma daga 1888 zuwa 1903 bai tsallake lokacin Kirsimeti ko ɗaya ba a wannan gida: wasa 16 a jere, da yawansu a matsayin mace.

Irin wannan wasa Turawan Ingila suna kiransa fantomaim, a taƙaice fanto. Wasan hunturu ne da ake yi daga Disamba zuwa farkon sabuwar shekara, ana ɗauko tatsuniyar da kowa ya sani, kamar ta Aladdin ko ta Sindarela, a cika ta da waƙa da rawa da barkwanci da habaici kan abin da ke faruwa a gari. A zamanin Leno budurwa ce ke fitowa a matsayin saurayin labarin, uwar saurayin kuma namiji ne ke yin ta. Wannan uwa ita ake ce wa dem, tsohuwar kalma ce ta girmama uwargida. Asalin abin ya daɗe, domin kafin 1660 mata ba sa hawa dandali a Ingila, maza da samari ke yin rawarsu. Da aka buɗe wa mata ƙofa, sai aka bar wa maza rawar tsohuwa mai ban dariya.

Kada hankalin mai karatu ya tafi ga daudu. Wannan sana'ar dandali ce, ana sa kayan ne a bayan labule, a tuɓe su a nan. Kuma ƙa'idarta ta farko ita ce kada a ruɗi kowa. Dem ba ya siranta murya don a ɗauka mace ce, ba ya ɓoye faɗin kafaɗa, sau da yawa ma manyan takalman maza ne ke leƙowa daga ƙarƙashin rigar. Idan ya yi kama da mace sosai, wasan ya lalace. Idan kuma ya mai da abin izgili ga mata, iyaye mata da suka biya kuɗin shiga za su ɗaure fuska, wasan ya sake lalacewa. Hanyar da ke tsakanin waɗannan biyu siririya ce kamar zare, kuma a kanta gwanintar take tafiya.

Leno bai koyi wannan a makaranta ba. An haife shi ranar 20 ga Disamba 1860 a unguwar St Pancras ta Landan, iyayensa masu yawon waƙa da barkwanci ne a ƙananan gidajen shaƙatawa, yau a samu gobe a rasa. Yana ɗan shekara huɗu aka fara fito da shi gaban jama'a yana lanƙwasa jiki. Mahaifinsa ya rasu tun Leno yana ƙarami, uwarsa ta auri wani ɗan wasa da ke amfani da sunan Leno, daga nan sunan ya bi shi. Ya taso yana bin garuruwan arewacin Ingila da Ailan, yana kwana a ɗakunan haya masu arha, yana ganin matan da ke riƙe da waɗannan gidaje: mai wankau, mai jiran miji ya dawo daga mashaya, mai lissafin kwabo kafin ta aiki yaro sayen burodi. Idonsa ya kwashe su duka.

Abin da ya fara fito da sunansa rawa ce. A wancan zamani ma'aikatan masaƙun Lankasha suna sa takalmi mai tafin katako, kuma daga ƙarar takalmin nan suka ƙirƙiro rawar da ƙafa ke yin aikin ganga. A 1880 Leno ya ci gasar duniya ta wannan rawa a garin Lids. A irin wannan gasa akan zaunar da alƙali a ƙarƙashin dandali, ba ya ganin mai rawar, kunnensa kawai ke aiki, yana sauraron ko bugu ɗaya ya kauce. Ina ganin a nan ne ya samo abin da ya fi kowa da shi daga baya. Wanda ya horu da cewa ƙiftawar ido ɗaya na iya kayar da shi, ya san daidai lokacin da zai saki magana da lokacin da zai riƙe ta.

Riƙewar nan ita ce rabin aikin dem, kuma har yau ana ganinta a fanto. Akwai wani yanki da ba a cika rasawa ba: dem tana zaune a kan benci cikin daji da dare, ta roƙi yara su faɗa mata idan sun ga fatalwa. Fatalwar ta fito a bayanta. Ɗaruruwan yara su miƙe suna ihu, tana bayanki, tana bayanki! Ita kuwa ta kama kunne ta ce ba ta ji ba. Ta juya hagu, fatalwar ta koma dama. Ta dawo ta ce babu komai, yara su ce akwai, ta ce babu, su ce akwai. Dole ɗan wasa ya auna ihun da kunnensa. In ya juya da wuri, ya kashe daɗin. In ya daɗe, ihun ya huce, ƙananan ciki kuma su fara tsorata da gaske. Babu marubucin da zai rubuta masa wannan lokaci, domin jama'ar rana ba irin ta dare ba ce, ga shi kuma sau biyu ake wasan a yini.

Kafin Leno an yi dem da yawa, amma akasari hayaniya ce da faɗuwa da duka. Abin da ya kawo shi ne mace mai tarihi. Tun fitowarsa a gidan wasa na Surrey a 1886, inda ya yi uwar Jack a tatsuniyar kurangar wake, aka lura cewa tsohuwarsa tana da maƙwabta, tana da bashi, tana da mijin da ya mutu ya bar ta da ɗan da ba ya jin magana. Augustus Harris, mai tafiyar da Drury Lane, ya ɗauke shi bayan shekara biyu. Salonsa shi ne hira: ya jingino kamar mai magana ta kan katanga, ya fara labari, ya kauce, ya gyara abin da ya faɗa, ya yi mamakin cewa ba ka san wadda yake nufi ba. Akwai wata maƙwabciya, Mrs Kelly, da ya riƙa ambata har mutanen Landan suka san ta kamar 'yar unguwarsu, alhali ba ta taɓa hawa dandali ba. An naɗi muryarsa a faifan garmaho a farkon shekarun 1900, kuma ko cikin ƙarar tsohon faifai ana jin gaggawar nan ta mai damuwar da ba ta da wanda za ta faɗa wa sai kai.

A 1896 ya yi Twankey, gwauruwa mai wankau, uwar Aladdin, wadda aka raɗa wa suna tun 1861 daga wani koren ganyen shayi na Sin mai arha. Abokin wasansa a duk shekarun nan Herbert Campbell ne, ƙato mai faɗi da babbar murya, wanda in ya tsaya kusa da Leno mai tsawon ƙafa biyar da inci uku, an fara dariya tun ba su buɗe baki ba.

Amma ƙololuwar aikinsa ita ce Mother Goose, wato Uwar Dinya, wanda J. Hickory Wood ya rubuta domin shi a 1902. A sauran wasanni dem tana gefe, labarin na saurayi da budurwa ne. A nan labarin nata ne. Gwauruwa ce matalauciya da ake shirin kora daga gida, sai aka ba ta dinya, babbar agwagwar nan mai dogon wuya, da ke yin ƙwan zinariya. Ta yi arziki. Sai mugun aljanin labarin ya nuna mata abin da kuɗi bai saya mata ba, wato ƙuruciya da kyau, ya ce ta ba shi dinyar ya kai ta tafkin da za ta yi wanka ta fito sabuwa. Ta bayar. Ta fito tana taƙama, ta tarar 'ya'yanta da maƙwabta ba sa son wannan baƙuwar, tsohuwarsu suke nema. Daga nan ta kama hanyar ƙwato tsuntsuwar da ta ci amana.

Dubi abin da ake nema daga mutum ɗaya cikin dare ɗaya: ya yi talaka mai raha, ya yi sabuwar mai kuɗi da ba ta san yadda ake riƙe cokali ba, ya yi mai ji da kyau, sannan ya yi nadama. Wuri mafi wuya shi ne inda za ta rabu da dinyar. Namiji ne sanye da gashin aro, yana sallama da wani ɗan wasa da ke cikin rigar fuka-fukai, a gaban mutanen da suka shafe awa guda suna dariya. A nan dole ya sauke murya, ya bar barkwanci, ya yarda da abin da zuciya ɗaya, har ɗakin ya yi tsit. Shi ya sa 'yan wasan Birtaniya ke ɗaukar wannan rawa a matsayin jarrabawar dem. Ian McKellen, wanda ya yi manyan wasannin Shakespeare, ya yi Twankey a gidan Old Vic a 2004, ya kuma ɗauki Uwar Dinya a 2022 yana da shekara 83. A garin York kuwa Berwick Kaler ya shekara 40 yana dem a gida ɗaya, da jan gashin aro da manyan takalma, kusan babu kwalliya, yana jefa wa yara biskit, har waɗanda suka fara ganinsa suna yara suka dawo da nasu 'ya'yan.

Leno bai daɗe da cin moriyar ɗaukakarsa ba. A Nuwamba 1901 Sarki Edward na Bakwai ya gayyace shi ya yi wasa a gidansa na Sandringham, jaridu suka laƙaba masa Wawan Sarki. Hannunsa a sake yake, duk ɗan wasan da ya faɗa cikin wahala ya san ƙofarsa. Amma aikin da ya fara tun yana ɗan shekara huɗu ya cinye shi, ga giya, ga kunne da ya fara toshewa, ga wani buri da ya hana shi sakat na a ɗauke shi da muhimmanci ya yi wasan Shakespeare. A 1903 hankalinsa ya taɓu, aka kwantar da shi na wasu watanni. Ya samu sauƙi ya dawo Drury Lane a ƙarshen shekarar, shi da Campbell, suka yi fanton Humpty Dumpty. A Yulin 1904 Campbell ya rasu bayan wani hatsari. Leno ya bi shi ranar 31 ga Oktoba, yana da shekara 43. Ranar jana'izarsa dubban mutane suka jeru a bakin titunan kudancin Landan har zuwa maƙabartar Lambeth da ke Tooting.